An ce in auna tasirin sabuwar manhaja a sashenmu, rizal kaɗai ya isa hujja?

Ƙaramin_Malami:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen manyan malamai da duk wanda ya taɓa zama a kwamitin manhaja. Ni ƙaramin malami ne a sashen kimiyyar kwamfuta a wata jami'a a nan Kano, ba sai na kama suna ba, shekarata huɗu da fara aiki. Satin da ya wuce bayan an tashi daga mitin shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya ce tunda ni nake riƙe da rizal ɗin yara to ni zan rubuta rahoto a kan ko sabuwar manhajar nan ta yi tasiri ko ba ta yi ba, za a kai wa kwamitin tsangaya, ya ba ni sati uku. Na ce to ranka ya daɗe na fito, sai da na sauko daga bene sannan na tuna ni fa ban ma tambaye shi me ake nufi da tasirin ba.

Ga wanda ba ya cikin harkar, CCMAS nake nufi, manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa wato NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta maye gurbin tsohuwar BMAS. Kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasan daga hukumar suke zuwa, sauran 30 ɗin kowace jami'a ta tsara nata daidai da buƙatar inda take. Mu da yaran 2023/2024 muka fara, yanzu suna aji uku.

Abin da na yi shi ne na ɗauko rizal ɗin kwas ɗin koyon rubuta furogiram na aji biyu, na saiti biyu na ƙarshe a tsohuwar manhaja da na saitin farko a sabuwa, na jera su a Excel. Waɗanda suka ci sun ƙaru sosai, masu kari-oba sun ragu, A da B ga su nan birjik. Da farko har na yi murna na ce aiki ya zo da sauƙi. Amma wallahi hankalina ya ƙi kwanciya, don yaran nan ni nake shiga ajinsu, kuma ran nan na ce wani ya fito allo ya rubuta ɗan furogiram da zai tara lambobi daga 1 zuwa 10, aji ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta, sai wata yarinya ɗaya ce ta cece mu. To in rizal ya ce sun fi na baya, ido kuma ya ce ba haka ba, wanne zan rubuta? Kuma banda maki da me ake auna irin wannan abu? Na gode.

Ɗan_aji_uku:

Wa alaikumus salam Malam. Ku yi haƙuri yaro ya riga manya magana amma tunda a kanmu ake gwajin bari in faɗi abin da muke gani daga kan benci. Ban san ko makarantarmu ɗaya ba, amma mu ma saitin farko ne.

Malam kafin a tambayi ko canjin ya yi amfani ni a ganina a fara tambaya ko an yi canjin ma tukuna. Akwai kwas ɗin da muka yi a aji biyu, da muka je shagon hoto karɓar handawut sai muka ga an shafe tsohuwar lambar kwas ɗin an rubuta sabuwa da biro a sama, cikin kuwa ko wasali ba a taɓa ba, yayana da ya gama shekarun baya ya gani ya ce wannan ai nasu ne har kuskuren shafi na huɗu yana nan. Ba duka malamai ba ne gaskiya, wanda ya ɗauke mu COS 102, kwas ɗin koyon warware matsala na aji ɗaya, ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya sa mu zana matakan warware matsala da hannunmu har muka gane. Amma takardar manhajar ta ware awannin lakca daban awannin firaktikal daban, mu kuwa firaktikal ɗin sau nawa muka shiga, ko dai babu wuta ko an ce babu man janareta ko mutum biyar a kan kwamfuta ɗaya, ɗaya na dannawa huɗu na kallo. Lokacin duhun nan da aka yi a Arewa a Oktoban 2024 da aka lalata layin wuta kwana da kwanaki ko cajin waya sai ka biya, furogiram a takarda muka dinga rubutawa.

Sannan maganar maki, kar a ce na tona asirin ƴan uwana amma Malam ka raba makin CA, wato na gwaji da asaimin ɗin cikin samista, da na jarrabawa ka duba kowanne shi kaɗai. Asaimin yanzu kusan kowa ChatGPT yake ba wa, minti biyar an gama an tura a guruf kowa ya ɗan canja suna. In mutum ya samu 27 cikin 30 a CA, maki 13 kawai yake nema a jarrabawa ya kai 40 ya wuce. Na baya ba su samu wannan garaɓasar kamar mu ba.

Fom ɗin nan kuma da ake rabawa wai mu auna malami, dan Allah kar ka dogara da shi. Ana kawo shi ne ana saura kwana kaɗan jarrabawa, kilas-ref ne yake tattarawa, wa zai rubuta gaskiya a gane rubutunsa? Kowa mai kyau mai kyau yake cikewa ya miƙa.

Tsohon_Alli:

Malam ƙarami, sannu da ƙoƙari. Yadda hankalinka ya ƙi kwanciya ɗin nan shi ne alamar za ka yi malanta, da wani ne da tuni ya buga jadawali mai launi ya kai an tafa masa.

Ni wannan ce manhaja ta uku da na gani da idona. Muna ɗalibai aka kawo ta farko a 1989, wadda ta biyo bayan dokar soja mai lamba 16 ta 1985 da ta ba NUC ikon gindaya mafi ƙarancin abin da za a koyar. Ina koyarwa aka kawo BMAS a 2007. Ga shi kuma ina shirin ajiye alli an kawo wannan, a zamanin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2010 zuwa 2015 kafin ya tafi hukumar. Kowace in ta zo sai a yi taron bita a ci shinkafa a raba jaka, amma ban taɓa ganin ranar da aka dawo aka zauna aka ce to waccan da muka yi shekara goma sha biyar muna koyarwa me ta haifar ba. Sai dai a ce ta tsufa. Saboda haka aikin da aka ba ka ba ƙarami ba ne ko da shi mai ba ka ɗin cike fayil kawai yake so.

Yanzu ga matsalar lissafinka. Ka je Dawanau ka auni gero da kwano, gobe ka dawo da wani kwanon daban ka auna ka ce gero ya ƙaru, wa zai yarda? Jarrabawa ita ce kwanonka, kuma an canja ta tare da manhajar. Tambayoyin ba ɗaya ba ne, wataƙila mai koyarwar ma ba ɗaya ba ne, kuma shi wanda ya koyar shi ya fitar da tambaya shi ya yi makin. Ba na zargin kowa, ni ma na yi, duk malamin da aka ba sabon kwas shekarar farko yakan sassauta hannu domin shi kansa bai gama sanin inda zai matsa ba, kuma ba ya so a ce a hannunsa yara suka zube. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga maka rizal ba tare da yaro ya ƙaru da komai ba.

Na biyu, su waye ka kwatanta da su? Saitin ƙarshe na tsohuwar manhaja ai su ne ƴan wahala. A 2020 ga korona ga yajin aikin da ya kai wata tara, a 2022 kuma aka sake rufewa daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wanda abin bai same shi a aji ba ya same shi a gida yana jiran admishan, da aka dawo kuma aka dinga gudu ana matse samista don a cike giɓin kalanda, abin da ya kamata a yi a sati goma sha biyar a dunƙule shi a yi a guje. Yaron da ya yi wata takwas yana tsaron shago a Kwari ko yana jan adaidaita ya dawo ka ba shi jarrabawa, ka zo ka kwatanta shi da wanda ya yi karatunsa a jere, ka ce bambancin manhaja ce? Ko tsohuwar aka ci gaba da koyarwa rizal zai tashi.

Na uku kuma wanda ya fi damuna, an yi saurin tambaya. Yaranku ko furojet ba su fara ba. In Allah ya kiyaye mu da wani yajin aikin sai wajen 2027 za su fita, su yi shekara guda a bautar ƙasa, kafin ka san ko sun samu abin yi ko sun iya abin da aka ɗauke su dominsa an kai 2029. Ba a cewa tuwo ya yi daɗi tun yana kan murhu. Abin da za ka iya rubutawa yanzu da gaskiya shi ne rahoton yadda aiwatarwa take tafiya, wane kwas aka koyar yadda aka tsara, wanne aka canja wa lamba kawai kamar yadda yaron nan na sama ya faɗa, awa nawa na firaktikal aka yi cikin waɗanda aka rubuta, malamai nawa aka tura horo a kan sababbin kwasa-kwasan. Ka sa masa suna rahoton wucin gadi. Kalmar tasiri ka ajiye ta tukuna.

Af, kuma ka adana kwafin komai a wajenka. Na ga rahoton da aka kai sama ya dawo an gyara masa fuska har mai shi bai gane shi ba.

Kwamared_Kurna:

Ni dai dariya ma abin ya ba ni. Tun 2023 ASUU ta fito ta ce ba ta yarda da wannan tsari ba, ta ce tsara abin da za a koyar aikin majalisar kowace jami'a ne ba wai a zauna a Abuja a yanko kashi 70 a miƙo maka ba, aka yi kunnen uwar shegu da maganar. Yanzu kuma an dawo ana ce wa ƙaramin malami ya auna tasiri cikin sati uku da kuɗin datarsa. Malam ka rubuta musu layi ɗaya, ba wuta ba kayan aiki malamai na guduwa waje aji ya cika ya batse, ka sa hannu. Ko daga sama aka sauko da manhaja in ɗalibi ɗari biyu ne a gaban malami ɗaya ba abin da za ta yi.

Malama_Ƴar_Fagge:

Kwamared ba a ƙi ta taka ba, amma bawan Allah nan sati uku gare shi kuma ba zai kai wa shugabansa takardar zanga-zanga ba. Malam ni ɓangaren ilimi nake, auna fahimtar ɗalibai shi ne abin da nake koyarwa a wata kwaleji, bari in ɗora a kan abin da Baba Tsohon Alli ya faɗa da abubuwan da za ka iya yi ba tare da ka nemi ko sisi a wajen kowa ba.

Ka buɗe kundin manhajar na fanninku, ai yana nan a shafin NUC kyauta. A ƙarƙashin kowane kwas sun jera abubuwan da ake sa ran ɗalibi zai iya yi in ya gama. Wannan shi ne alkawarin da manhajar ta ɗauka da bakinta, to da shi za ka kama ta. Kar ka ɗebo duka, zaɓi uku ko huɗu da ake iya gani da ido, misali ya rubuta ɗan furogiram ya yi aiki, ko a ba shi mai kuskure ya gano inda kuskuren yake. Ka tara yara ka ba su a ɗakin kwamfuta, waya a ajiye a gaba, ka gaya musu ba maki a ciki kuma ba sai sun rubuta suna ba. Kuma ga wata dama da za ta wuce ka in ka yi sanyi, ƴan aji huɗu na yanzu ai ƴan tsohuwar manhaja ne kuma suna nan ba su tafi ba. Ka ba su irin aikin nan sak a rana ɗaya. E sun girme su da shekara guda a karatu, ka rubuta hakan a rahoton kar ka ɓoye, amma dai kwano ɗaya ka auna da shi. In suka fita shi ke nan ba ka da sauran wanda za ka kwatanta da shi har abada.

Sai maganar rizal ɗin da ka riga ka jera, kar ka zubar. Nemo wani kwas da canjin bai taɓa shi sosai ba, wanda malami ɗaya ne yake ɗaukarsa tun da har yanzu, galibi irin lissafin aji ɗaya ko na aji biyu haka suke. Jera shi gefe da gefe da naka na waɗannan shekarun. In ka ga shi ma ya tashi kamar yadda naka ya tashi to ka san wani abu ne ya ɗaga duka biyun, zaman lafiyar kalanda ne ko ChatGPT ne ko an ɗebo yara masu makin JAMB mai yawa ne, ba manhaja ba. In kuwa naka ya tashi shi yana nan inda yake, to ka fara samun abin faɗa. Makin shigowar ma ka duba shi, yana fayil ɗin admishan, kwamfuta yanzu kowa ita yake so kuma in masu nema suka yi yawa dole a tsame na sama.

Akwai kuma tsofaffin takardun amsa da ke jibge a sito ƙura na ci. Ɗebo kamar talatin daga kowane saiti, ba zaɓe ba, ka ɗauki ta biyar ta goma ta sha biyar haka, ka rufe suna da shekara, ka ba wani abokin aiki da bai koyar da ko ɗaya daga cikinsu ba ya duba tambayoyin da suka yi kama da juna. Wani lokaci abin da za ka gani a nan ya fi duk jadawalin Excel.

Amma abin da na fi so ka kula da shi, don shi ne kowa yake mantawa, su waye ba sa cikin lissafin naka? Kai waɗanda suka zauna jarrabawa ka ƙirga. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rijista a 2023 ɗin, bashin karatu na NELFUND kuma sai 2024 aka fara. Ni a ajina na san yaran da suka ɓace a tsakanin nan, yarinya tana zuwa daga Mariri ko Rijiyar Lemo adaidaita biyu zuwa biyu dawowa, uban ya duba ya ce a dakata tukuna, daga dakatawa sai ki ji an sa rana. Namiji kuma ya koma kasuwa ya ce sai shekara mai zuwa. Waɗanda suka fi rauni a karatu da aljihu su suke fara zubewa, in suka fita sai aji ya yi kamar ya ƙara ƙoƙari alhali raguwa ya yi. Don haka ka ƙirga mutum nawa suka yi rijista a aji ɗaya, nawa suka kai aji uku, maza nawa mata nawa, a tsohon saiti da sabo. In rizal ya yi kyau amma an rasa yara a hanya wannan ba abin da za a yi wa guɗa ba ne.

In za ka ji ta bakin ɗalibai kuma kar ka zauna da su da kanka, kunyarka da tsoronka ba za su bari su faɗa ba. Samu wani ɗan masta da ba ya koyar da su, mutum takwas takwas, mata daban, a sayo musu ruwa da cincin a bar su su yi magana.

Injiniya_Farm_Centre:

Salam. Ni ba malami ba ne, shago gare ni muna gyaran kwamfuta da haɗa netwok da ɗan rubuta wa ƴan kasuwa manhajar lissafin kaya, amma duk shekara ina karɓar yaran SIWES, wato ɗaliban da ake turowa koyon aiki, daga makarantu daban-daban na garin nan har da na poli, shi ya sa na ce bari in tofa.

Malam tsakani da Allah in ka jera min yaran bara da na shekara uku baya ka ce in ware ƴan sabuwar manhaja ba zan iya ba. Abin da nake iya warewa shi ne wanda yake da laftof nasa da wanda ba shi da shi. Mai laftof ko tsohuwa ce ta dubu kaɗan ya kwana yana kallon YouTube yana gwadawa yana ɓatawa, sati biyu ya kama aiki. Wanda bai da shi kuwa ko da 4.50 ya zo yana taƙama da fas kilas wallahi sai ka nuna masa yadda ake sa Windows. Bambanci ɗaya da na lura, na yanzu sun fi sanin sunayen abubuwa, ka ambaci tsaron intanet ko sarrafa bayanai ya gyaɗa kai ya taɓa ji, na da ba su san su ba. To sanin suna ma wani abu ne ban raina ba, amma ba shi kwastoma yake biya ba.

Abin da yake ba ni mamaki shekara da shekaru ina cike wa yara logbuk ba a taɓa samun wanda ya zo daga makaranta ya zauna ya ce Injiniya me yaranmu suka iya me suka kasa ba. Mai duba su ya zo sau ɗaya, wani ma a waya zai ce yaro ya kawo littafin a sa hannu. Alhali mu ne muke ganinsu wata da watanni suna aiki da hannu. Kai da kake neman ma'auni ga shi nan a banza, lambobinmu suna ofishin SIWES ɗinku, ka kira mutum goma sha biyar cikinmu, minti goma goma, kar ka turo fom mai shafi shida da Turanci ba mai cikewa, ka yi tambaya uku da Hausa, me ya iya ranar da ya zo, me ka koya masa da kanka wanda ya kamata a ce ya zo da shi, za ka ɗauke shi aiki in ya gama ko a'a.

Kuma wannan kashi 30 ɗin da aka ce na buƙatar gari ne ina son in san wa aka tambaya. Garin nan Kwari da Singa da Kofar Wambai da Sabon Gari mutum yana juya miliyoyi amma lissafinsa a littafi mai bangon kwali yake, yaron shago ya tafi da littafin shi ke nan. Masana'antun Sharada da Challawa da Bompai suna neman wanda zai riƙe musu na'ura. In a cikin kashi talatin ɗinku ba kwas ko ɗaya da zai sa yaro ya shiga Kwari ya zauna da ɗan kasuwa ya gane matsalarsa ya rubuta masa abin da zai yi aiki a ƙaramar waya ba data, to ku rubuta a rahoton cewa nan ma akwai gyara.

Ƙaramin_Malami:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Jiya da daddare na bi shawarar ɗalibinmu na raba CA da jarrabawa, abin da ya faɗa haka yake, kusan duk tashin a CA yake, makin jarrabawa ɗan motsi kaɗan ya yi. Na kuma roƙi malamin lissafi ya turo min nasa kamar yadda Malama ta ce, shi ma nasa ya tashi kuma shi ko layi ɗaya bai canja a abin da yake koyarwa ba. Wani abu guda dai da na gani mai daɗi, a tambayoyin zana matakan warware matsala sababbin sun fi na da a fili, ina zaton COS 102 ɗin nan ce, zan sa a duba takardun a rufe kafin in ce komai.

Injiniya ka taɓo inda yake mana ciwo, kashi 30 ɗin namu a mitin biyu aka gama shi, kowa ya kawo kwas ɗin da ya saba koyarwa aka cusa don kar a bar shi ba aiki. Zan neme ka ta akwatin sirri in ba damuwa.

Yanzu abin da ya rage min shi ne yadda zan tunkari oga, don na fahimci shi jira yake a ce an samu gagarumar nasara, akwai masu tantancewa da ake sa ran zuwansu. Baba ya zan yi?

Tsohon_Alli:

Kar ka bari ya fara ganinsa a gaban kwamiti. Ka same shi shi kaɗai bayan la'asar in ofis ya yi sauƙi, ka fara nuna masa abin da ya yi kyau, sannan ka ce ranka ya daɗe ga inda nake tsoron masu tantancewa za su kama mu in muka ce komai lafiya, don su ma ɗakin kwamfutar za su shiga su ƙirga, su buɗe takardun amsa. Ka nuna masa awannin firaktikal da aka rasa su ne hujjar da zai nemi sola da ƙarin kwamfutoci da ita a sama. In ya ga rahoton zai kawo masa kaya da kansa zai ce ka ƙara shafi.

Gwajin ƴan aji huɗun nan kuwa ka yi shi cikin satin nan kafin su shiga hidimar furojet ka neme su ka rasa. Ka je wajen mai riƙe da makullin sito tun gobe da safe, in irin namu ne sai ka yi zuwa uku kafin ka same shi, kuma ka tafi da takunkumi saboda ƙura.